Maganin Gara Ba Ya Kashe Funfuna

Duk manomin da ke da rumbu a Anka ko Gummi ya san aikin gara. Takan huda gindin rumbu ta shiga, a zuba mata magani ta mutu, mai hatsi ya ce an rabu da bukar. Amma ramin da ta haƙa yana nan. Damina ta kankama, laima ta bi ta ramin, sai a buɗe a tarar dawa ta yi baƙi, ta dunƙule, tana warin funfuna. Wanda bai duba da kyau ba sai ya ce gara ce ta dawo, ya sake sayen maganin gara. Kuɗi ya tafi, hatsi kuma yana ci gaba da lalacewa.

Haka yake faruwa a huhun wasu da suka yi tarin fuka. Mutum ya sha magani wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, amma ta bar kogo a huhu. Cikin wannan kogon ne funfunar da likitoci ke kira Aspergillus, wadda muke shaƙa kullum a ƙurar hatsi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ke samun mazauni. Tari ya dawo, wani lokaci da jini, ga rama, ga kasala. A gwada majina ba a ga tarin fuka ba, amma don alamun sun yi kama, sai a sake ɗora shi kan maganin da ya gama sha.

Farfesa Rita Oladele ta Jami'ar Legas ce ta dage kan wannan batu a Najeriya. A 2014, ita da Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester a Ingila suka ƙiyasta cewa kusan kashi 12 cikin 100 na 'yan ƙasar nan suna fama da wata cutar funfuna mai tsanani kowace shekara. A 2017 kuma tawagarta ta wallafa binciken da ta yi kan mutum 208 da ake wa maganin tarin fuka, aka tarar kashi 8.7 cikin 100 funfunar huhu ce ke cin su. Abin da ake buƙata don gano ta hoton ƙirji ne da gwajin jini, maganinta kuma, irin su itraconazole, ana shansa aƙalla wata shida.

A ganina, babu inda wannan bincike ya kamata ya fi yin amo kamar yankinmu. Tun 2010, da gubar dalma daga ƙurar dutsen zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Bagega da Dareta da Yargalma, hankali ya tafi kan dalma, kuma da gaskiya. Sai dai injin niƙan dutsen zinare yana tayar da wata ƙurar ma, ta tsakuwa, wadda ke ɗaure huhu ta kuma sauƙaƙa kamuwa da tarin fuka. Matashin da ke fitowa daga wurin niƙa gashin idonsa fari fat, gobe shi ne mai kogon.

Ga kuma wata matsalar: funfuna ta fara gagarar magani, alhali rukunan magungunanta ba su da yawa. Candida auris, da aka fara ganowa a Japan a 2009, ta ɓulla a asibitocin Najeriya, kuma Oladele da abokan aikinta ne suka ba da rahotonta a 2022. A watan Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari, Candida auris tana sahun gaba.

Mu ma muna da hannu. Yaro ya yi makero a ka, uwa ta aika kemis a sayo man shafawa mai haɗin magani uku, a shafa kwana huɗu, ƙaiƙayi ya lafa, a ajiye. Makeron kai kuwa yana cikin saiwar gashi, man shafawa ba ya kai masa, sai maganin sha na makonni bisa umarnin likita. Wanda kuwa ya gama maganin tarin fuka tari bai bar shi ba, in ya koma asibiti, ko a Gusau ko a Sakkwato, ya tambayi likita ko an duba masa funfuna.