Bilenda Mai 8000W Ko Mai 500W: Wacce Za Ta Markaɗa Maka Kayan Miya Ba Tare Da Ta Ƙone Ba?

Duk mai yawan leƙa Facebook, TikTok ko sitatus ɗin WhatsApp ya sha cin karo da tallar bilenda. Za ka ga an zuba tattasai da attaruhu da albasa, an danna maɓalli, kafin ka ƙifta ido komai ya zama ruwa. A jikin kwalin kuma an rubuta 4500W, wata 6000W, wata ma har 8000W da manyan baƙaƙe. Da yake mun saba da cewa a harkar waya babbar lamba ita ce alheri, RAM mai yawa, batir mai yawa, sai mu ɗauka a nan ma haka abin yake. Mutum ya tura kuɗi, kaya su iso, bayan wata biyu a ji ƙaurin waya a kicin.

A yau za mu duba abin da lambar nan take nufi, da yadda za ka daidaita bilendar da za ka saya da irin wutar da kake da ita a gida.

Lissafin da ke tona asirin kwali

Harafin W yana nufin wat, wato yawan wutar da na'ura ke ja a lokacin da take aiki. Ana samun sa ne idan aka ninka ƙarfin wuta, wanda ake rubutawa da V, da yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wanda ake rubutawa da A. A Najeriya wutar gida 230V ce. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da fis a ciki, kuma mafi girmansa 13A ne. Buɗe kalkuletan wayarka ka ninka 230 sau 13, za ka samu 2,990. Ke nan duk abin da ya haura wat 3,000 ya wuce ƙarfin da aka yi wannan filogin ya ɗauka, idan kuma ya haura sosai fis ɗin zai tsinke. Ko babban filogin Turai mai ƙafa biyu masu kauri, wanda ke ɗaukar 16A, iyakarsa wat 3,680.

To ta ina wat 8,000 za ta bi? Babu hanya. Wat 746 ne ake ƙirgawa a matsayin ƙarfin doki ɗaya, don haka 8,000 ta haura ƙarfin doki goma, kuma inji mai wannan ƙarfin ba abin da za ka ɗauka da hannu ɗaya ka ɗora a kan teburi ba ne. Don kwatance, Vitamix 5200, ɗaya daga cikin bilendojin da suka yi suna a Amurka wajen ƙarfi, tana jan 11.5A ne a kan 120V, wato kusan wat 1,380. Idan wadda ake sayarwa ɗaruruwan daloli ba ta kai 1,500 ba, ka san lambar da ke jikin wancan kwalin ado ce kawai.

Wannan ba yana nufin duk bilendar da aka yi wa irin wannan rubutu ba ta aiki ba. Da yawansu suna markaɗe sosai, har ma sun fi ƙananan ƙarfi. Abin da ake cewa shi ne kada lambar ta zama dalilin da za ka ƙara kuɗi, kuma kada ka yi lissafin wutar gidanka da ita. Ainihin bayanin yana kan 'yar takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar. Idan a intanet za ka saya, ka ce wa mai kayan ya kifa ta ya ɗauko maka hoton wurin. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa. Idan kuma a nan ma lambar ƙaryar aka maimaita, akwai 'yar na'urar auna wuta da ake soka wa a soket, sai a jona bilendar a jikinta, ta nuna wat nawa ake ja a zahiri.

A wannan takardar dai ka duba V ɗin. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka ko Kanada na 120V ne. Idan ka jona irinsu kai tsaye a wutarmu, da wuya su yi minti ɗaya. Abin da kake nema shi ne 220-240V.

Wat nawa miya ke buƙata?

Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa duk ruwa ne ya fi yawa a jikinsu. Bilenda mai wat 350 zuwa 500 na gaske ta ishi gidan da ke markaɗen miyar yau da gobe. Inda ake buƙatar ƙarfi shi ne waken ƙosai da alale, aya, waken suya, gyaɗa, da shinkafar waina. Su ma sai an jiƙa su sun yi taushi, kuma a nan ne mai wat 800 zuwa 1,000 ke nuna bambanci. Busasshen barkono, citta, kanumfari da masoro kuwa ba a babban kofi ake niƙa su ba. Akwai ƙaramin kofi mai gajeriyar wuƙa da ke zuwa da wasu bilendojin, shi aka yi don busassun kaya.

Ƙananan nan masu caji da USB da ake yawan tallatawa, waɗanda suka yi kama da gorar ruwa, an yi su ne don ayaba, kankana da madara. Za su iya taɓa tumatir biyu da attaruhu ɗaya idan ka yanka ƙanana, amma wanda ya saye su da niyyar markaɗen ƙosai ya yi asarar kuɗinsa.

Janareto, inbata da matsalar tashin farko

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa matsala. A daidai lokacin da ka danna maɓalli, injin da ke cikin bilenda yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta, sau biyu ko ma fiye, na ɗan ƙanƙanin lokaci kafin ya daidaita. Idan kofin cike yake da kaya masu tauri, fizgar ta fi tsanani.

Ƙaramin janareton nan na Tiger mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda kusan kowace unguwa akwai shi, abin da yake iya ɗauka a kai a kai bai wuce wat 650 ba. Idan fanka biyu da talabijin suna kai, sannan aka kunna bilenda mai wat 500, za ka ji muryarsa ta canza, ƙwan fitila ya dushe, wani lokacin ya mutu gaba ɗaya. Maganin shi ne a kashe sauran kaya na minti biyun da za a yi markaɗen, kuma a cire wayoyin da ke caji, domin hawa da saukar wutar ba ya yi wa caja daɗi.

Masu sola kuma su lura cewa inbatar da aka rubuta wa 1kVA ba wat 1,000 take bayarwa ba, yawanci wajen 800 ne. Bilenda mai wat 400 za ta tashi a kanta lafiya idan ba a cika mata kaya ba. Mai wat 1,000 kuwa za ta sa ta ƙara ta ɗauke. Sannan akwai inbata masu araha da wutarsu ba ta fita sumul kamar ta NEPA, a jikinsu za ka ga an rubuta “modified sine wave”. A kansu inji yana gurnani kuma yana saurin ɗaukar zafi. Wadda aka rubuta wa “pure sine wave” ita ta dace da duk abin da ke da inji mai juyawa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, duk da wannan fizgar, bilenda ba ta cin wuta. Mai wat 500 da ta yi aiki na minti uku ta ci 25Wh ne kacal. Batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kusan 19Wh, ke nan markaɗen miyar gida guda bai fi cajin waya sau ɗaya da ɗan ɗori ba. A kan mita, yunit ɗaya 1,000Wh ne, don haka sai ka yi irin wannan markaɗen sau 40 kafin yunit ɗaya ya tafi. Ko da farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan Band A a watan Afrilun 2024 aka yi lissafi, kowane markaɗe bai kai naira shida ba. Kwatanta da abin da ake biya a wurin mai injin markaɗe, ban da aiken yaro da jiran layi. Masu cinye yunit a kicin su ne masu ɗumama abu: butar lantarki mai wat 2,000 da ta yi minti biyar ta ci fiye da markaɗe shida, hita ta girki kuwa a awa ɗaya tana iya lashe yunit guda ko fiye.

Me ke ƙona ta?

Zafi ne, kusan kullum. A cikin bilenda akwai naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira kwayil, da 'yar fanka da ke juyawa tare da injin tana hura masa iska. Idan ka cika kofi da kaya babu ruwa, wuƙa ta kasa juyawa da sauri, sai abu biyu su haɗu: injin ya ƙara jan wuta, fankar kuma ta rage gudu. Fentin da ya rufe wayar kwayil ɗin ya fara narkewa, shi ne ƙaurin da kake ji. Haka abin yake idan an kawo wuta marar ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar. A irin wannan lokacin gara a haƙura, ko a koma turmi a yi jajjage.

Don haka tumatir ake fara sakawa a ƙasa, shi zai saki ruwan da zai ja sauran. A yanka albasa da tattasai, kada kaya su wuce rabin kofi ko kashi biyu cikin uku. A yi minti ɗaya a tsaya ta huta, sannan a ci gaba. Littafin da ke zuwa a kwalin yakan faɗi iyakar lokacin, sai dai ba mu cika buɗe shi ba.

Idan ta ɗauke ana cikin aiki, kada ka yi saurin cewa ta mutu. Da yawa suna da makarin zafi da ke yanke wuta da kansa, wasu kuma akwai ɗan jan maɓalli a ƙarƙashinsu. Zare filogi, rage kayan, ba ta kamar minti ashirin ta huce, danna maɓallin. Idan kuma inji na kuka amma wuƙa ba ta juyawa, 'yar robar nan mai haƙora da ke haɗa kofi da inji ce ta cinye. Da gangan aka yi ta da roba don ta lalace a madadin injin, kuma canza ta ba tsada. Wannan ma dalili ne na sayen samfurin da ya yawaita a kasuwa. Kafin ka biya, tambayi mai gyaran kayan wuta na unguwarku ko ana samun kofinta da robarta. Bilendar da kofinta ya fashe kuma babu irinsa a gari ta zama kwalliyar kanta.

Attaruhu da kofin roba

Sinadarin da ke sa yaji sunansa kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farin naman da 'ya'yan ke manne a jiki, ba a cikin 'ya'yan kansu ba kamar yadda ake zato. Ana auna zafinsa da ma'aunin Scoville, wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. Dangin attaruhu suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000 a wannan ma'auni, tattasai kuwa can ƙasa yake. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa ɗauraye kofi da ruwa zalla ba ya fitar da shi, kuma kofin roba da ya kwana biyu ya yi zane-zane a ciki yana riƙe shi sosai. Wanda ya taɓa shan kunun aya mai yaji ya san zancen. A shafa ɗan man gyaɗa a cikin kofin, a zuba ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a kunna na daƙiƙa ashirin, a ɗauraye. Mai hali ya ware kofi ɗaya na kayan miya, ɗaya na abin sha, ko ya nemi na gilashi. Kuma hannun da ya yanka attaruhu ya taɓa fuskar waya, yajin na nan a kan gilashin yana jiran lokacin da za ka goge ido.

Kada a zuba tafasasshen abu a rufe a kunna. Tururi zai tunkuɗo murfin, kuma ƙunar miya mai attaruhu a fuska ba ƙaramin abu ba ne. A bari ya huce tukuna.

Idan kaya sun yi araha

Lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da amfanin noman rani ke shigowa daga wurare irin su Kadawa da Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano, kwandon tumatir da buhun tattasai suna sauka sosai, sannan su yi tsada idan damina ta kama. Nan ne ake kwaɗayin sayen da yawa a markaɗa a adana. Dabara ce mai kyau, amma bilendar gida ba injin kasuwa ba ce. Kwando guda sai a raba shi kashi-kashi tare da hutu a tsakani, ko a kai wa mai inji a bar bilenda da aikin kullum.

Bayan markaɗe a tafasa shi har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ya huce, a ƙulla a ƙananan leda ko robobi daidai girki ɗaya-ɗaya, yadda ba sai an narkar da duka ba. Sai dai firiza lissafinta daban ne da na bilenda: wat ɗinta kaɗan ne, amma dare da rana take aiki, kuma fizgarta ta tashin farko ta fi ta bilenda nisa. Idan unguwarku ana kwana biyu babu wuta kuma solarka ba ta ɗaukar firiza, markaɗen zai narke ya yi tsami. A irin wannan gidan shanya ta fi: a yanka tumatir a yi kauɗa, a busar da tattasai da attaruhu a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, in an tashi girki a jiƙa su a ruwan ɗumi na rabin awa kafin su shiga bilenda.