Watanni Ukun Farko na Baƙo a Ƙauye

 Yau za mu duba yadda baƙon da ya ƙetaro teku domin aikin sa kai yake samun wurin zama a cikin mutanen da bai taɓa sani ba. Za mu leƙa Jamhuriyar Nijar, inda matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps suka yi kusan shekara hamsin suna zama a ƙauyukan Hausawa da Zabarmawa.

Shugaba John Kennedy ne ya kafa ƙungiyar a watan Maris na 1961, kuma kafin shekarar ta ƙare sai da aka ga illar gaggawar baƙo. A watan Oktoba, wata matashiya 'yar ƙungiyar da ke karɓar horo a Ibadan, Najeriya, ta rubuta kati zuwa gida tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi gangami, ita kuwa dole ta bar ƙasar. Makonni kaɗan ta yi a Najeriya, amma har ta yanke wa mutane hukunci. Ai dama Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

A 1962 rukunin farko ya sauka Nijar. Daga baya aka riƙa kai sababbin zuwa garin Hamdallaye, kusa da Yamai, su yi kamar wata biyu a gidajen mutanen gari suna koyon Hausa ko Zabarmanci. A nan ake raɗa musu suna, wannan ta zama Hadiza, wancan ya zama Sani. Sannan a ɗauki kowa a kai shi ƙauyensa a jihohi irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa, a damƙa shi a hannun maigari, mota ta juya. Shekara biyu ke gabansa.

Umarnin da aka riƙa ba su na watanni ukun farko shi ne abin da ya fi burge ni: kada ka fara wani aiki, zauna ka san mutane. Ku duba fa, matashi ne da ya gama jami'a, jininsa na tafasa, ya zo da niyyar gyara duniya, sai a ce masa aikinka yanzu gaisuwa. Da safe ya bi gida gida: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zaman garinmu. Ya je suna, ya je ɗaurin aure, in an yi rasuwa ya zauna kan tabarma tare da masu makoki. Ya koyi cin tuwon hatsi da hannun dama, ya sha fura a ludayin da kowa ya sha, ya yi haƙuri a fada har a kammala shayi zagaye uku. Mace kuma ta ɗaura zani da kallabi, ta ɗauki taɓarya mata su yi mata dariya, gobe ta sake ɗauka. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga zawo da zazzaɓi, ga yara suna leƙe ta zana suna kiran anasara tun wayewar gari.

Dalilin wannan umarni a fili yake. Wanda bai san rijiya ta wace zuriya ce ba, bai san wa ke gaba da wa ba, bai san wace dattijuwa ce mata ke jin maganarta ba, in ya kira taro kan lambu ko awon yara, za a taru a ce masa to, madalla, a watse, shi ke nan. Kunya ba za ta bar kowa ya ce wa baƙo a'a ba. Sai ya daɗe kafin ya iya bambance "to" ta amincewa da "to" ta sallama.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin shi ne ginshiƙi. Rabin wahalar nan mutanen gari ke ɗauka. Matar maƙwabci da ke aika kwanon tuwo kowane dare ba tare da an roƙe ta ba, yaron da ke jawo ruwa, tsohon da ke maimaita kalma ɗaya sau goma har baƙo ya kama, duk ba a rubuta sunansu a rahoto. Su ne suka sa wasu daga cikin baƙin nan suka iya Hausa har suka riƙa gabatar da shiri a rediyo. Abin takaicin shi ne, shekara biyu ba ta da yawa: harshe na warwarewa, lokacin tafiya ya matso, wani aikin kuma ya mutu bayan mai shi ya tafi.

A ranar 7 ga Janairun 2011 aka sace wasu matasan Faransa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai, aka kashe su. Cikin kwanaki Peace Corps ta kwashe mutanenta 98, ta dakatar da shirin da fiye da mutum 3,000 suka yi aiki a cikinsa. Da yawa ba su samu yin bankwana yadda ya kamata ba.

Mu ma muna aika namu. Tun 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda da Jamaika da Fiji. Malamin da ya tashi daga Kano ya sauka Banjul, shi ma sai ya koyi gaisuwar Mandinka da Wolof, ya jira a gwada masa ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa.