YADDA AKE GIRKA JINIYA MARAS WAYA A ZANGON SHANU

Ƴan'uwa fatake, kowa ya san daren da ya fi ba mai shanu tsoro shi ne daren jajibirin kasuwa. An sayi dabbobi an tara su wuri guda, ana jiran wayewar gari a shiga Maigatari ran Alhamis ko Illela ran Lahadi, ƴan kora sun gaji, barci ya kwashe su. To, a irin wannan dare ne ɓarawo ke kwance shinge. Shi ya sa wasunmu suka fara sayen jiniya maras waya. Amma da yawa sukan kashe ta bayan kwana biyu, wai ta cika kuka a banza. Galibi laifin wurin da aka kafa ta ne.

Kayan kashi uku ne, sai uwarsu. Uwar ita ce akwatin da ake sa wa layin talho, ita ke tada jiniya ta kuma kira mai dukiya. Na farko maganaɗisun ƙofa: ɓari biyu ne, ɗaya a jikin ƙyaure, ɗaya a jikin dirka, kuma kada ratarsu ta kai kaurin yatsa. Da an buɗe, sai ya gaya wa uwar. Na biyu shi ne ido, mai jin ɗumin jiki idan ya gitta. Na uku igiyar haske: sanda biyu ne masu kallon juna, akwai hasken da idon mutum ba ya gani tsakaninsu, duk wanda ya ratsa ya tsinka shi.

Ga inda ake yin kuskure. Shi idon nan bai san bambancin mutum da sa ba, ɗumi kawai yake ji. In ka fuskantar da shi cikin garke, duk saniyar da ta miƙe sai jiniya ta tashi. Saboda haka a ba shi baya ga shanu, ya kalli hanyar da ɓarawo zai biyo. A ɗaure shi sama kamar mita 2 ko fiye kaɗan, a jikin abin da iska ba ta kaɗawa. Yawancinsu ba su wuce mita 10 zuwa 12 ba, kuma sun fi kama mai gittawa bisa ga mai tahowa kai tsaye. Kada ya kalli wutar da masu gadi ke hurawa, ko fitowar rana. A sayi irin na waje, don na cikin ɗaki ba ya jure ruwa da rana. A bazara kuwa, idan zafin gari ya yi kusa da na jikin mutum, wato digiri 37, ganinsa yakan ragu. Nan igiyar haske ta fi amfani, a bayan shinge, a tsayin da kare zai wuce ta ƙasa.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a haɗa kowane da uwarsa a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, a ba shi lamba: 1 ƙofa, 2 gabas, 3 bayan shinge. In saƙo ya zo da dare, ka san inda za a dosa. Su waɗannan abubuwa da iska suke magana, kamar rediyo, galibi bisa mita 433 ko 868. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. Katangar ƙasa da rufin kwano da jikin babbar mota duk suna rage shi. Don haka a sa uwar a sama, a tsakiya, sannan mutum ɗaya ya zagaya yana gitta kowane, wani yana kallon ko ta amsa.

Mu na bakin iyaka muna da tamu matsala. Layin talho yakan tsallaka ya kama rezon ƙasar maƙwabta, kira ya ƙi fita. A gwada da dare, a wurin da za a kwana. A riƙa zuba wa layin kuɗi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba akan rufe shi. Uwar kuma a haɗa ta da batir da farantin sola. A hunturu a goge ƙurar idanun kowane mako, a kuma canja batiransu da zarar uwar ta yi gargaɗi.

Ita jiniyar a kafa ta kusa da makwancin mutane, nesa da dabbobi, don ƙararta na iya firgita garke ya fasa shinge da kansa.

A ƙarshe, jiniya tashin mutane take yi, ba ta kama ɓarawo. Mai gadi da kare suna nan a matsayinsu. Ɓarayin yanzu da makami suke tafe, saboda haka kada kowa ya fita shi kaɗai. A shirya tun da rana wa zai kira jandarma, wa zai tada maƙwabta. Saniya akan sake saye, rai kuwa babu shi a kara.

Allah ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa.