Kyamarar gado: abin da fim ke koya wa 'ya'yan masu hoto a Zamfara

Kafin wayar hannu ta zama kyamarar kowa, hoton Sallah ko na suna a Gusau aiki ne na haƙuri. Fim ɗaya mai faɗin milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a ganin ko ɗaya sai an kai an wanke. Wanda ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa jakar kyamara ya san darasin farko: a duba haske, a daidaita nisa, sannan a danna.

Wannan tarbiyya ce ke sa wasu ba sa rabuwa da kyamarar da suka gada. Injin ma ya cancanci riƙo. Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, tana ɗaukar hoto ko babu batir, domin ma'aunin haske kaɗai ke buƙatarsa. Ga mazaunin Tsafe ko Bungudu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da kyamararsa ta farko a 1888, kuma injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975. Fasahar da ya ƙirƙiro ita ta cinye kasuwar fim, har kamfanin ya nemi kariya daga masu binsa bashi a 2012. Amma fim bai mutu ba. Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018, sannan a 2024 aka fitar da sabuwar Pentax 17, mai raba kowane gurbi biyu, ta yadda fim mai 36 zai ba da hoto 72.

A Zamfara, babban abokin gabar wannan gado shi ne yanayi. Zafin bazara yana ɓata launin fim, ƙurar hunturu tana karce shi, laimar damina kuma tana haifar da fumfuna a cikin gilashin kyamara. Sabon fim ya fi son firji ko wuri mai sanyi, kyamara kuma a cire mata batir kafin a ajiye. Soson da ke toshe haske a murfin baya yakan ruɓe da tsufa, kuma sauya shi ba ya da wuya.

Sai dai abin da ya fi kyamarar daraja shi ne nagatif, wato dodon hoto. Matsalar 'yan bindiga ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu a yankunan Tsafe da Bungudu, kuma mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar ambulan ɗin tsofaffin hotuna. Hoton kaka, ko na hawan Sallah, ko na dutsen Kwatarkwashi shekaru 40 da suka wuce, idan dodonsa ya salwanta babu inda za a sake samo shi.

Ceto shi kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Za a ɗora nagatif a gaban farin haske, a ɗauke shi da waya, manhaja ta juya launinsa, a adana kwafi a intanet tare da sunayen mutane da shekara. Malick Sidibé na Bamako ya adana nagatif ɗinsa cikin kwalaye shekara da shekaru, kuma hotunan ne suka kai shi ga lambar Zinariyar Zaki a Venice a 2007. Wanda ya gaji akwatin mahaifinsa, gara ya buɗe shi tun dattawan da za su iya faɗin su waye a cikin hotunan suna raye.