Fim ɗin da ya karya mai shi, yau ake rububin fastarsa

Duk wanda ya saba bin layin masu sayar da finafinan Indiya a kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya ya san sunayen da ke tafiya: Amitabh Bachchan, Dharmendra, Shah Rukh Khan. Da wuya mu ji an ambaci Guru Dutt, balle fim ɗinsa Kaagaz Ke Phool, wato furen takarda, wanda ya fito a 1959.

Labarin soyayya ne, amma ba irin wanda muka saba gani ba. Wani darakta, Suresh, wanda aurensa ya lalace, ya gamu da Shanti cikin ruwan sama da dare, ya ba ta kwat ɗinsa ta rufa. Daga baya ya mai da ita tauraruwa. Suna son juna, amma kowa ya bar abin a cikinsa. Ƴarsa ta roƙi Shanti ta bar mata ubanta, ita kuwa ta tafi. Suresh ya faɗa shan giya, arziki ya gudu, ƙarshe aka tarar da gawarsa a kan kujerar darakta. Ba dambe, ba biki. Waheeda Rehman ce ta fito a Shanti, Guru Dutt kuma Suresh.

Ƴan kallo suka juya masa baya. Shi ne fim na farko a Indiya da aka ɗauka da faffaɗan hoton CinemaScope, ga kuɗi an zuba, ga asara. Guru Dutt bai ƙara sa sunansa a matsayin darakta ba har ya rasu a 1964, yana da shekara 39. Sai a shekarun 1980, da aka nuna finafinansa a Faransa, aka farga da darajarsa.

To, ga inda ya shafe mu ƴan kasuwa. Masu tara kayan tarihi ba faifan fim ɗin suke bi ba, wannan yana intanet. Fastar da aka zana da hannu suke nema, da ɗan littafin waƙoƙin da ake sayarwa a ƙofar sinima, da faifan garmaho. Fasta kuwa takarda ce mai arha, a liƙa a bango, ruwa ya cinye, shi ya sa ta asali ta yi wuya.

A Chor Bazaar ta Mumbai, ta asali da kwafi a shago ɗaya suke kwana. Gwanin saye yakan duba ninkin takardar, da yadda launi ya koɗe, da sunan maɗaba'a a ƙasa. Ta fitowar 1959 kuɗinta daban, ta sake haskawa daban.