Ratar da ke daidaita ƙwararre da ɗan koyo a ƙwallon dawaki

Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Daura ya san ƙasar ba ta rasa mahaya. Sai dai matashin da ya bar kilisa ya koma ƙwallon dawaki, wato folo, zai tarar da wani ma'auni da ba a sani ba a wajen hawa: lambar ƙwarewa, wadda 'yan wasa ke kira handikaf.

Lambar tana farawa daga -2 ga ɗan koyo, ta ƙare a 10 ga gwanin gwanaye. Kowace ƙungiya tana da mahaya 4. Ana haɗa lambobinsu, a kwatanta da na abokan karawa, sannan a ba ƙungiyar da ke ƙasa ratar ƙwallaye tun kafin a fara wasa. Da haka ƙaramin kulob ke iya karawa da manya.

Jihar Katsina ta daɗe da sanin wannan tsari. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya ɗaukaka wasan a masarautarsa, ɗansa Usman Nagogo kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai lamba 7.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwarewa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan ɗan wasa ya gwanance aka bar shi a tsohuwar lambarsa, ƙungiyarsa za ta ci ratar da ba ta cancanta ba, kofi ya tafi inda bai dace ba. Idan kuma ƙarfi ya fara barin ɗan wasa ba a rage masa ba, ƙungiyoyi sai su guje shi.

A wasan golf an bar wa lissafi wannan aiki. Tsarin bai-ɗaya da aka fara a duniya a 2020 yana ɗaukar sakamako 8 mafi kyau cikin wasanni 20 na baya-bayan nan, kuma lambar tana sauyawa da zarar an shigar da sabon sakamako. A folo kuwa kwamiti ne ke zama ya duba iya hawa, bugun ƙwallo da haɗin kai.

Tunda hukuncin mutane ne, son rai na iya shiga. Maganinsa shi ne a riƙa bitar lambobin a kan kari, a kuma bayyana su ga kowa. Matashin Daura da ya sayi doki da guminsa yana buƙatar tabbacin cewa za a auna shi da mudu ɗaya da ɗan mai kuɗi.