Magidanci da wasa: tseren keke can, kokowa nan

A Dirku keke ba ya cin kasuwa. Rairayi ya yi yawa. In an bar tsakiyar gari, ƙafar keke sai ta nutse, mai shi ya sauka ya tura. Raƙumi da mota su ne sarakan hanya a ƙasar Kawar. Duk da haka akwai wani tseren keke da ya kamata manoma da makiyaya su ji labarinsa, don ya taɓa zancen gida.

Tseren na magidanta ne. Ba a shiga sai an kai shekara 35. Ana kasa mutane tsara-tsara, shekara biyar-biyar: masu 35 zuwa 39 daban, masu 40 zuwa 44 daban, har a kai ga masu furfura da jikoki. Mata ma suna da nasu.

Ba bisa hanya ake yin sa ba. Babban ɗaki ake ginawa, a shimfiɗa katako a kewaye. Filin kamar akushi yake, gefe ya yi sama, tsakiya ta yi ƙasa. Kewaye ɗaya mita 250 ne. Kewaye 4 ke nan kilomita guda. Keken ba shi da birki. Muddin ƙafar keke tana juyawa, tilas ƙafar mai shi ta juya. Birnin Manchesta na Ingila ya sha karɓar gasar duniya ta magidantan. A 2024 garin Rube na Faransa ya karɓe ta. Abuja ma tana da filin tseren keke, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003.

Wani tsoho Bafaranshe, Robert Marchand, ya ba duniya mamaki a irin wannan fili. A watan Janairu 1917 yana yaro ƙarami. A watan Janairu 2017, yana da shekara 105, ya hau keke ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa ɗaya. Kewaye 90 ke nan. Wajen rabin hanyar Dirku zuwa Bilma! Ya rasu a 2021.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yawancin magidantan nan ba a biyan su albashi don wasa. Kowa yana da aikinsa. Keke daga aljihunsa, kuɗin tafiya daga aljihunsa, masauki haka. Wanda ya zo na ɗaya ana ba shi lambar yabo da riga mai zanen bakan gizo. Rigar tana da kyau, amma ba ta ɗora tukunya.

Bayan kuɗi sai lokaci. Jikin da ya wuce shekara 40 ba ya riƙe ƙarfi in ba a motsa shi kullum. Yini kuwa na aiki ne. Shi ya sa wasu ke fita tun asuba, yara suna barci. Wasu sukan kafa keke cikin ɗaki bisa wani ƙarfe mai juyawa, su yi ta tuƙi da dare ba su je ko'ina ba. Ranar hutu ita ce ranar gasa. In maigida ya tafi, aikin da ya bari bai tafi ba. Yana nan a kan matarsa. Wanda ya zauna da ita suka tsai da ranaku, suka ware kuɗin wasa daban da na cefane, shi ke daɗewa yana wasa. Wanda ya yi gaban kansa, ko keke ya tafi, ko zaman lafiya.

A Nijar ba a tseren katako, amma an san wannan ciwo. Kokowa ce. An fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Kantu na Maraɗi ya ci, mai suna irin na gishirin Bilma. Jihohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10. A watan Disamba 2023 Agadas ta karɓi gasar, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi. Mutum 80, takobi ɗaya. Sauran 79 gida za su koma, kuma da yawansu magidanta ne.

A kudu lissafin ya zo da sauƙi. Ana buga gangar kokowa bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu. A Kawar ba haka ba ne. Ba a noman gero a nan. Dabino ne da gishiri da kanwa. Geron shekara ayari ke kawo shi, daga watan Oktoba in sanyi ya fara. A lokacin ake musaya, a lokacin ake sanin ko gida zai ci har baɗi. Shi ne kuma lokacin wasa. Daga Dirku zuwa Agadas ya fi kilomita 600, ta cikin Tenere. Ba tafiyar da za a je yau a dawo gobe ba ce. Magidancin da ya tashi a wannan lokaci, ko don kamawa ko don kallo, wa ya bari ya yi ciniki da madugu? In yaro ne, za a auna masa yadda aka ga dama.

Makiyayi ma yana da nasa. Tseren raƙuma na taron Ingal, a watan Satumba, abin alfahari ne. Amma raƙumin tsere ba a ɗora masa kaya. Ana hutar da shi, ana zaɓa masa ciyawa. Mai raƙuma 30 ba ya jin komi. Mai raƙumi 2 kuwa, in ya keɓe ɗaya don tsere, guda ya rage na rijiya da kasuwa da ƙaura.